Mu Ƙera wa Masu Kunun Zaki Bokiti Mai Famfo

'Yan'uwa ɗalibai, duk shekara sai mu ƙera furojet, a ba mu maki, ƙura ta rufe shi. Ni a ganina aikin yi yana bakin get, wajen masu kunun zaki.

Tsamin da ƙullun gero ke yi in ya kwana, ai shi ne daɗin kunun. Ɓarnar tana wajen ɗuri: a buɗe bokiti, a tsoma moɗa, hannu ya taɓa, ƙuda ya sauka. Ga zafi. Kafin la'asar gora ta kumbura, mai kunu ta yi asara, mai sha ya kwana yana zarya bayi.

Maganin ba sai injin waje ba. Bokiti mai murfi, famfo a gindi, siririn tiyo da zai kai ƙasan gora don rage kumfa, sai muciya da ta ratsa murfin, tunda kunu yana kwanciya. Amma fa tiyon ya zama mai ciruwa a wanke da ruwan zafi, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Mu ƙera goma, mu raba wa masu kunu daga Kazaure har Achilafiya, su gwada su faɗa mana inda za a gyara. Makinsu ya fi na takarda.