Kwabon da ya sha hannu ya fi na cikin akwati

A kasuwannin gwanjo na Turai, masu tara tsofaffin kwabban ƴan kasuwa suna da ma'auni guda: kwabon da ba a cika samun irinsa ba, wanda bai taɓa shiga hannun mai ciniki ba, shi ne mai daraja. Wanda ya goge saboda yawo kuwa, na banza ne a wurinsu. Mu dai mun ce an bar jaki ana dukan taiki.

Me ya haifi waɗannan kwabbai? Bayan 1775 gidan buga kuɗi na sarkin Ingila ya dakatar da buga kwabban jan ƙarfe, alhali masana'antu na yaɗuwa, leburori na jiran ladansu kowane mako. Da canji ya yi wuya, sai masu dukiya suka shiga buga nasu. A 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na Parys, a tsibirin Anglesey, ya fitar da kwabonsa. John Wilkinson, mai masana'antar ƙarfe, har kansa ya zana a jikin nasa kamar sarki. A Faransa ma ƴan'uwan Monneron, attajiran Paris, sun yi haka a 1791, kafin hukuma ta hana a 1792. Ingila ba ta farga ba sai 1797, sa'ad da ta ba Matthew Boulton aikin buga kwabban gwamnati. Saboda haka kowane kwabo shaida ne na ranar da hukuma ta mance da cinikin talaka.

Ga inda ma'aunin masu tarawa ya karye. Tun a waɗannan shekaru, da maƙera suka ga ana rububin tara kwabbai, sai suka riƙa buga wasu ƴan ƙalilan da gangan, suna haɗa fuskar wannan da bayan wancan. Kafin James Conder ya wallafa jerin kwabban a 1798, irin waɗannan sun cika kasuwa. Da yawa daga cikin masu tsadar yau ba su taɓa sayen burodi ba. Gogaggen nan da ake rainawa, shi ya biya lebura.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu, zancen ya shafe mu. Wanda aka taɓa miƙa wa alewa ko ashana a kanti a madadin dala biyu ya san ciwon rashin canji. Wuri da kakanninmu suka ƙirga a kasuwannin Damagaram da Maraɗi, da tammar zamanin Nasara, suna nan cikin tukwanen tsofaffi, ana sayar wa baƙi a matsayin ado. Mu tara su a makarantu da gidajen tarihi, amma kowanne da labarinsa: wa ya riƙe shi, nawa ne tiyar hatsi a lokacin, da me aka biya haraji. In tsofaffin suka tafi ba mu tambaya ba, ƙarfe da ƙwanso kawai za su rage mana.