Sayen Makami Daban, Riƙonsa Daban

Duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san cewa kuɗin sayensa ne mafi sauƙi. Harawa da dawa da kanwa su ne ke cin dukiya. Haka sha'anin makaman yaƙi yake, amma abin takaici, masu riƙe da amanar baitulmali kan manta da wannan.

Alal misali, a 1983 Nijeriya ta yi cinikin jiragen yaƙi 18 ƙirar Jaguar daga Ingila. Aka fara kawo su a 1984, amma zuwa 1991 an jingine su baki ɗaya, domin ƙasar ta kasa ɗaukar nauyin kula da su. Ba abokan gaba suka kakkaɓo su ba, rashin tanadi ne ya ɗaure su a ƙasa.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da makami zai ci a tsawon rayuwarsa yana tafiya ne wajen mai da gyara da ma'aikata, bayan an gama saye.

Bugu da ƙari, wanda ke riƙe da kayan gyara shi ke riƙe da linzami. Iran ta karɓi jiragen F-14 guda 79 daga Amurka kafin juyin juya halin 1979. Da aka yanke mata kayan gyara, sai ga ta a yaƙinta da Iraƙi tana kwance wani jirgi domin ta tayar da wani.

Ba muna cewa a buɗe bakin jaka babu iyaka ba ne, alhali asibitoci babu magani. Lalle a sa iyaka, amma iyakar ta game rayuwar makamin duka, ba ranar bikin karɓarsa kaɗai ba. Jirgi goma masu tashi sun fi talatin da ke kwance, kuma araha ba ta ado.

Saboda haka muna kira ga mahukunta: kada a rattaba hannu a kan wani ciniki sai ya ƙunshi kayan gyara na shekaru da horar da makanikanmu. A rage yawan samfura, a kuma raya masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna tun 1964. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ran sojan da ke jiran ɗauki daga sama amana ce a wuyansu.

Allah Ya sa mu dace.