Lambar Girman Siegen Ta Faɗa Hannun Da Ya Dace

A shekarar 1955 birnin Siegen na ƙasar Jamus ya kafa lambar girma ta masu zane, ya raɗa mata sunan Rubens, shahararren mai zanen nan da aka haifa a garin a 1577. Sau ɗaya ake ba da ita cikin shekara biyar. Wanda ya fara samunta kuwa shi ne Hans Hartung, mutumin da zanensa ba siffar mutum, ba ta doki, sai baƙaƙen layuka bisa launi.

Har yau akwai masu taɓe baki in an karrama irin wannan aiki, wai ko yaron goye ya iya. Lalle ya kamata su san da wa suka yi tarayya cikin wannan magana. A 1937 gwamnatin Hitila ta kwashe zane-zanen zamani daga gidajen ajiyarsu, ta baje su a birnin Munich don a yi musu dariya, ta kira su lalataccen aiki. Hartung, haifaffen Leipzig, ya riga ya ƙaura zuwa Faransa tun 1935. Da yaƙi ya ɓarke sai ya shiga rundunar baƙi ta sojan Faransa, har ya rasa ƙafa a 1944.

Me ya sa mai tankokin yaƙi zai tsargu da layuka? Dalili shi ne azzalumi maroƙi yake nema. Yana son a zana shi bisa karaga, sojoji na sara masa. Zanen da ba shi da fuska kuwa ba ya kirari ga kowa.

Batun yaro kuma zancen banza ne. Shekara da shekaru Hartung kan fara da ɗan ƙaramin zane a takarda, sa'an nan ya auna shi daki-daki ya mayar bisa babban ƙyalle. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban maɗinki yana fitar da aska takwas a babbar riga ya san layi ba ya zama daidai sai da horo, kuma ba wanda ke tambayar maɗinkin hoton wa ya ɗinka.

Saboda haka Siegen ta yi abin kirki, tun da ɗan ƙasar da aka ƙuntata wa har ya gudu shi ta fara ɗaukakawa. A 2012 ma ta miƙa lambar ga Bridget Riley ta Ingila, wata gwanar layi da launi. Masu taɓe baki sai su nemi wata hujja, wannan dai ta Hitila ce.