Waye Gwanin Gwanaye a Damben Masu Nauyi?



Duk lokacin da aka yi babban damben boksin a ajin masu nauyi, kafin gari ya waye tsohuwar gardama ta taso: a tarihin wannan aji, wa ya fi kowa? Dattijo ya ce Muhammad Ali. Wanda ya tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo ya ce Mike Tyson. Mai bin lissafi ya ce Rocky Marciano. Matasan yau kuma su kawo Oleksandr Usyk. Abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne kowa da mudun da yake awo da shi. Ni nawa mudun guda ne: wa ka doke, kuma yana kan ganiyarsa ka doke shi ko bayan ƙarfinsa ya tafi?

Mu fara da Marciano, domin hujjar magoya bayansa ta fi sauƙin faɗa. Dambe 49 ya yi, ya ci duka, 43 daga ciki bai bari an kai ga hukuncin alƙalai ba, ya yi ritaya a 1956 da kambunsa a hannu. Wannan abin girmamawa ne. To amma a duba manyan da ya doke. Joe Louis yana da shekara 37 lokacin da suka haɗu a 1951, bashin haraji ne ma ya dawo da shi fage. Jersey Joe Walcott yana da 38 lokacin da Marciano ya ƙwace kambu a hannunsa a 1952. Archie Moore ma ya haura shekara 38, kuma asalinsa ɗan ajin ƙasa da masu nauyi ne. Ba laifin Marciano ba ne, waɗanda ya tarar ke nan. Sai dai rashin faɗuwa kaɗai ba ya nuna zurfin ruwan da mutum ya haye.

Batun Tyson ya fi taɓa zuciya. Yana ɗan shekara 20 ya buge Trevor Berbick a 1986, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun. A 1988 daƙiƙa 91 kacal Michael Spinks ya yi a gabansa. Tsoronsa kan kayar da mutum tun daga ɗakin shiri. Amma ranar da ya gamu da wanda bai ji tsoron ba, me ya faru? Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokyo a 1990. Evander Holyfield ya doke shi a 1996, a karo na biyu kuma a 1997 aka kori Tyson saboda cizon kunne. Lennox Lewis ya gama da shi a 2002. Ko ɗaya daga cikin ukun bai rama ba. Kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta kai sunan Shago inda ƙafarsa ba ta taka ba, haka talabijin da kaset suka yi wa Tyson, kuma bajintar da suka yaɗa ta gaske ce. Matsalar ita ce shekarun bajintar ba su da yawa.

Wanda ya cancanci a daɗe a kansa shi ne Joe Louis. Ya karɓi kambu a 1937, ya riƙe har 1949, ya kare shi sau 25, kuma har yau babu wanda ya kamo wannan adadi a ajin. Sannan a tuna zamanin da ya fito. Jack Johnson ne baƙar fata na farko da ya ci kambun, a 1908, kuma tun da ya rasa shi a 1915 ba a sake ba baƙar fata damar nemansa ba sai a kan Louis. Jack Dempsey, da wasu ke sawa a sahun gaba, ya riƙe kambu daga 1919 zuwa 1926 ba tare da ya kara da Harry Wills ba, alhali shi ne ya fi cancanta a ba shi dama. A wurina, zakaran da aka tsare masa ƙofa irin haka dole a rage masa maki. Louis kuwa ya taɓa shan kashi a hannun Bajamushe Max Schmeling a 1936, ya dawo a 1938 a birnin New York, duniya na sauraro ta rediyo, gwamnatin Hitler na jiran abin alfahari, ya gama da shi cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da kawai ake riƙe masa shi ne da yawa daga cikin waɗanda ya kare kambun a kansu ba tsaransa ba ne, har 'yan jaridar lokacin suna yi musu shaguɓe.

A nan ne Ali ya sha gabansa. Na san za a ce mu a nan ƙaunar addini ke sa mu fifita shi, ga shi ya ziyarci Gana da Najeriya a 1964 jim kaɗan bayan ya bayyana Musuluncinsa. To a ajiye addini, a ajiye iya magana, a ƙirga mazajen da ya shiga fage da su. Yana da shekara 22 ya ƙwace kambu daga Sonny Liston, mutumin da ya buge Floyd Patterson sau biyu, kowanne a turmin farko. A 1967 ya ƙi shiga soja saboda yaƙin Biyetnam, aka tuɓe masa kambu, ya yi shekara uku da rabi ba dambe, kuma shekarun da ɗan dambe ya fi ƙarfi ke nan. Da ya dawo ƙafarsa ta rage sauri. Joe Frazier ya doke shi a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Duka biyun ya rama.

Sai Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974. George Foreman yana da shekara 25, dambe 40 bai taɓa faɗuwa ba. Shi ne ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika, Norton ma turmi biyu ya yi a hannunsa. Wato mutum biyun da suka wahalar da Ali, Foreman ya yi fatali da su. Ali, yana da shekara 32, ya jingina da igiya, ya kare fuska, ya bar Foreman ya zuba naushi har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Wanda ke shakkar ko wane ne Foreman, ya tuna cewa shekara ashirin bayan nan, yana da 45, ya sake cin kambun duniya a hannun Michael Moorer. Shekara guda bayan Kinshasa ga Manila, inda Ali da Frazier suka yi turmi 14 cikin zafi mai tsanani har mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana shi fita na ƙarshe. Gaskiya ne Ali ya faɗi sau biyar, kuma hukuncin karonsa na uku da Norton a 1976 har yau ana jayayya a kansa. Duk da haka babu zakaran da ya tara manya masu yawa haka, suna da sauran ƙarfinsu, ya bi ta kansu.

Akwai mutum biyu da ake yi wa rowar yabo. Larry Holmes ya kare kambu sau 20, amma ya zo a bayan Ali, kuma mutane ba su yafe masa dukan da ya yi wa Ali a 1980 ba. Lennox Lewis kuwa sau biyu kawai ya faɗi, a hannun Oliver McCall da Hasim Rahman, ya kuma rama duka. Ni ina sa shi a gaban Tyson da Marciano ba tare da ɗar ba.

Wasu kan ce ai Marciano mai kilo 85 ba zai kai labari a gaban Tyson Fury mai tsawon fiye da mita biyu ba, don haka 'yan yau sun fi. Wannan hasashe ne, damben da ba za a taɓa yi ba. Abinci ya canza, horo ya canza, turmi ma an rage shi daga 15 zuwa 12 a shekarun 1980. Kuma Usyk ya raunana hujjar girman jiki. Daga ajin ƙasa ya hauro, ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Fury a Riyad a watan Mayun 2024, ya zama na farko da ya haɗa kambunan duka tun bayan Lewis a 1999, ya sake doke shi a watan Disamba. Da mudun da na kawo, ya doke manyan zamaninsa suna da ƙarfinsu, don haka ya shiga sahu. Abin da ke tauye shi shi ne damben da ya yi a wannan aji ba su da yawa idan aka kwatanta da na Louis ko Ali, kuma Joshua da Fury, duk da ƙarfinsu, ban ɗauke su a matsayin Frazier da Foreman ba. Ina sa shi kusa da Holyfield, wanda shi ma daga ajin ƙasa ya hauro.