Ƴan matanmu da karatun injiniya: shiga daban, zama daban

Maganar da muka taɓo a gidan rediyo ce za mu ƙarasa a nan, tunda lokaci ya yanke mu.

Duk shekara in sakamakon bak ya fito, mukan karanta sunaye, a yi guɗa. Amma yarinyar da ta ci bak D da maki mai kyau, ina take nufa? Galibi lakwal ɗin kiwon lafiya a Damagaram, ko aikin koyarwa. Ba mu raina ko ɗaya ba, ungozoma ce ta karɓi haihuwar ƴaƴanmu. Sai dai matatar SORAZ tana nan arewa da Damagaram tun 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana. Foraj mai aiki da hasken rana ya shigo ƙauyukanmu, in ya lalace mata ne ke komawa jan guga, mai gyaran kuwa sai an jira shi daga birni. Shin aikin nan an haramta wa ƴaƴanmu mata ne?

Wuraren karatun akwai su. Lise teknik Ɗan Kasawa na Maraɗi, IUT ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo inda ake koyon gine-gine da lantarki da kanikanci, ga kuma EMIG a Yamai. Abin da ke damunmu shi ne ƴan ƙalilan ɗin da suka shiga, wasu ba su kai ƙarshe. Da an ji yarinya ta dawo gida sai a ce lissafi ne ya fi ƙarfinta. Mu dai ba mu yarda ba.

A Amurka an daɗe ana bin diddigin wannan. Tun 1997 wasu masu bincike biyu, Seymour da Hewitt, suka zauna da ɗaruruwan ɗalibai, suka gano waɗanda suka bar fannin kimiyya ba su gaza waɗanda suka zauna ƙwaƙwalwa ba. Yadda ake koyarwa da yadda ake kallonsu ne ya fi korarsu. A 2017 kuma aka fitar da wani gwaji na jami'ar Massachusetts kan ƴan mata 150 masu fara karatun injiniya. Aka haɗa wasu da ɗaliba mace da ke gaba da su, wasu da namiji, wasu aka bar su haka nan. Bayan shekara guda, masu yaya mace ko ɗaya ba ta fita ba. Masu namiji kashi 82 cikin ɗari suka rage, waɗanda ba a haɗa da kowa ba kashi 89. Abin mamaki, ba makinsu ne ya canja ba. Zuciyarsu ce ba ta karaya ba, don suna ganin wadda ta bi hanyar kuma ba ta mutu ba.

Ku dubi tamu yarinyar. Tun daga koleji take zaune gidan mai masauki a Matamaye, wanke-wanke kafin kaye. Ta isa Maraɗi, aji cike da maza, mata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ranar aikin hannu samari su riƙe na'ura, ita a miƙa mata bik ta rubuta sakamako. Bursi ya yi jinkiri, daga gida kuma ana bugo waya cewa manemi ya gaji da jira. Ranar da ta samu 6 bisa 20, wa zai ce mata ni ma na taɓa samun haka, ga ni a shekara ta uku?

Malamai ma da nasu. Mu da muka yi lise mun san mushe mai shigowa ya yi ta dikte awa biyu ya fita. An haɗa bincike 225 a 2014, aka ga inda malami ke zuba bayani shi kaɗai kusan kashi 34 ke faɗuwa, inda ɗalibai ke warware aiki tare a cikin aji kuwa kusan kashi 22.

Wani dattijo ya ce mana tsoronsa ƴarsa ta ƙare a shantiye tsakiyar maza, nesa da gida. Baba, tsoronka gaskiya ne, ba za mu yi maka dariya ba. Amma yaya mace da ta san garin, ta san malaman, kuma kana da lambarta, ai ta fi maka kwanciyar hankali bisa ga mai masaukin da ba ka taɓa gani ba.

Don haka roƙonmu ga ƙungiyar ɗaliban yankin Kance da hukumar kwaminmu: kafin komawa lakwal, a rubuta sunan duk yarinyar da ta samu gurbin karatun fasaha, a nema mata yaya a inda za ta, su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata. Kuɗinsa bai wuce na kiran waya ba. Ƴaƴanmu mata da suka gama ko suke ciki, a Maraɗi, Yamai ko Zariya, ku aiko mana saƙo ta wannan shafi. Za mu fara jera sunayen daga wannan mako.