Ƙungiyar Ta Wace Ce?

Samarinmu na Karaye da Rogo sukan raba dare a gidan kallo suna gardama, wai Manchester United tasu ce. To, ta wa ce? Iyalin Glazer na Amurka suka saye ta a 2005, galibi da rance, suka ɗora mata bashin. A 2024 wani attajirin Ingila, Jim Ratcliffe, ya sayi fiye da rubu'inta. Kamar watandar Kirsimeti ce, gwargwadon kuɗinka, gwargwadon kasonka. Mai ihu ba ya samun ko ƙashi.

Kano Pillars kuwa, wadda aka kafa a 1990, ta gwamnatin jiha ce. Albashin 'yan wasanta daga baitulmali yake fitowa. Wato iyaye, har da harajinku a ciki, ko ba ku taɓa leƙa filin wasa ba.