Kukan satar fasaha ya isa haka nan, a tafi kotu

Mai karatu, in kana Sakkwato, ka ɗan leƙa Tsohuwar Kasuwa ko ka bi ta Mabera da yamma. Za ka ga yaro da kwamfuta a kan tebur, jama'a sun miƙa wayoyi, ana tura masu finafinai kamar ana awon gero. Ka ce masa wannan sata ce, sai ya harare ka: "Mi nis sata? Ai kayanai na nan hannunai!" Wani har wa'azi zai yi maka, wai a garin Shehu ba a sayar da ilimi.

To, a ajiye wannan wa'azin. A Disambar 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa ta ba. Malamai ne suka faɗa, ba Bature ba. Dokar ƙasa ma ta daina wasa. A tsohuwar doka tarar mai sayar da kwafin sata naira 100 ce a kan kowane kwafi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta mai da ita aƙalla naira 10,000, ko ɗauri, ko duka biyun.

Amma yau ba da yaron kwamfuta nake faɗa ba. Da furodusoshinmu nake. Tun zamanin kaset, aka zo sidi, ga shi an shiga waya, kukan ɗaya ne: an kashe mana sana'a! A kira taro, a kafa kwamiti, a ci shinkafa, a watse. Don Allah, hukuncin kotu nawa ka taɓa karantawa wanda ɗan fim ɗin Hausa ya samo a kan ɓarawon fim ɗinsa? Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ce Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke da hurumin wannan shari'a, ba alƙalin unguwa ba, ba zauren hakimi ba. Kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Ƙungiyar haƙƙin mawaƙa ta MCSN ta bi wannan hanya, ta kara da Multichoice, masu DStv. A 2018 kotu a Legas ta ce a biya ta naira biliyan 5.9, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020. An sha shekaru, amma an samu.

Me ya hana namu? Kuɗin lauya, in ji su. Ni kuwa na ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya wanke fim ɗin Indiya tun daga labari har rawa, da wane ido zai kalli alƙali? Su Indiyawan ma ba su tsira ba. A 2010 kamfanin Fox na Amurka ya kai masu Knock Out, fim ɗin Sanjay Dutt, gaban babbar kotun Bombay kan sun wanke Phone Booth, sai da suka ajiye kuɗi a kotu kafin a bari fim ɗin ya fita. Ma'aunin kuwa tun 1978 kotun ƙolin Indiya ta kafa shi a shari'ar R.G. Anand: jigo ba na kowa ba ne, kowa na iya yin fim kan kishiya ko auren dole. Amma in mai kallo ya ga ayyukan biyu ya tabbata wannan kwafin wancan ne, an yi sata. Wato kai ne ma'aunin, mai karatu, kai da ke gane wankiya tun kafin a gama rubutun sunaye.

Masu hannu mai tsabta a wannan rigima su ne marubuta, musamman mata, waɗanda ake sauya wa littafi suna a mai da shi fim ba ko sallama. Yaya, doka tana bayanki. Ba sai kin yi rajista ba kafin haƙƙinki ya tabbata, kuma yana nan har shekara 70 bayan ranki. Furodusan da ya ce ai kin sayar masa da labarin a waya, doka ta ce sayar da haƙƙi sai a rubuce. Ya fito da takardar.